Daga Yavana zuwa Firangi: Sunayen da Indiya ta Raɗa wa Baƙinta

 

Duk wanda ya taso da kallon finafinan Indiya, ko a gidajen sinima na da irin su Marhaba da El Dorado a Kano, ko a fassarar Hausa ta yanzu, kunnensa ya saba da wasu kalmomi ko da bai san ma'anarsu ba: "pardesi", "gora", "angrez", "sahab". A fim ɗin Thugs of Hindostan na 2018 ma, Aamir Khan ya fito ne da sunan Firangi. Duka waɗannan sunaye ne na baƙo. Ƙasashen Kudancin Asiya, wato Indiya da Pakistan da Bangladesh da Sri Lanka da Nepal, sun fi shekara dubu biyu suna karɓar baƙi ta tudu da ta ruwa, wasu da fatauci, wasu da takobi, wasu a cikin mari, kuma kowane ayari ya bar suna a bakin mutane.

In aka bi sawun sunayen za a ga abu biyu suna ta maimaituwa. Na farko, yawancinsu ba Indiyawa ne suka ƙago su ba, daga bakin wata al'umma da ke tsakani suka karɓa, galibi Farisawa. Na biyu, sunan ba ya bin mai shi kabari. Baƙon farko zai shuɗe, sunan ya zauna yana jiran na gaba, kamar rigar wa da ƙane ke gada ko ta yi masa daidai ko ba ta yi ba.

Wanda harshensa ya karkace

Tsohuwar kalmar Sanskirit ta baƙo ita ce "mleccha". Farkon inda aka same ta shi ne littafin Shatapatha Brahmana, ɗaya daga cikin tsofaffin littattafan addinin Hindu, kuma a can magana ake a kan lafazi. An ba da labarin wasu abokan gaban alloli da aka ci da yaƙi saboda sun kasa furta kalma daidai, aka ja kunnen malamin addini kada ya yi magana irin tasu. Ashe tun farko harshe ne ma'aunin baƙunta. Girkawa ma haka suka yi da "barbaros", wanda maganarsa ba ta wuce "bar-bar" a kunnensu ba. Larabawa kuma suka ce "ajam", wanda bai iya fayyace magana ba, kuma daga nan Bahaushe ya sami sunan rubutunsa na ajami.

Da tafiya ta yi tafiya sai kalmar ta tashi daga harshe ta koma kan tsarki. Littafin shari'a na Manu har iyaka ya shata: ƙasar da wata irin baƙar barewa ke kiwo a cikinta ita ce ta cancanci a yi hadaya, abin da ke bayanta kuwa ƙasar mleccha ce. Lokacin da Al-Biruni ya rubuta littafinsa a kan Indiya a wajajen 1030, ya bayyana cewa da wannan suna Hindu ke kiran duk wani bare, suna nufin marar tsarki, ba sa aure da shi, ba sa ci ko sha tare da shi.

Girkawan da suka zama Larabawa

A gabar yammacin ƙasar Turkiyya ta yau akwai wani reshe na Girkawa da ake kira Iyoniyawa. Su ne Girkawan da Farisawa suka fara mallaka, saboda haka suka kira dukkan Girkawa "Yauna". Sunan yana cikin jerin ƙasashen da Sarki Dariyus ya sa aka sassaƙa a dutsen Behistun a wajajen shekara ta 520 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Daular tasa ta miƙe har kogin Sindhu, don haka Bagirke da Ba'indiye suka zama talakawan sarki ɗaya. Ta nan "Yauna" ta shiga Indiya, ta zama "Yavana" a Sanskirit, "Yona" a harsunan talakawa. Ita ce dai "Yunan" ta Larabci, wadda almajiran ilimi suka sani a littattafan tarihi da falsafa.

Farisawan nan dillalai ne ta fuska biyu. Su ne kuma suka mayar da Sindhu "Hindu", Girkawa suka karɓa suka zubar da harafin farko, aka sami sunan Indiya da duniya ke amfani da shi.

Iskandar na Masedoniya ya iso Punjab a shekara ta 326 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma bayansa Girkawa sun yi sarauta a arewa maso yammacin yankin. Sarki Ashoka na Indiya, a rubutun da ya sa aka sassaƙa a duwatsu, ya ambaci Antiyoka sarkin Yona da wasu sarakuna huɗu da ƙasashensu ke can gaba da tasa, yana cewa saƙonsa ya kai gare su. A Besnagar da ke tsakiyar Indiya har yau akwai wani ginshiƙin dutse da Heliyodoros, jakadan sarkin Girkawa na Taxila, ya kafa don girmama Vasudeva, abin bautar Hindu. A jikin ginshiƙin an kira shi jakadan Yona.

A kudu kuwa sunan ya riga ya fara sauya mai shi. Tsofaffin waƙoƙin Tamil suna ba da labarin jiragen Yavana da ke zuwa tashar Muziris da zinariya su koma da masoro. Waɗannan fatake ne daga daular Rum, ta hanyar Masar da Bahar Maliya. Son da suke yi wa masoro ya kai har Sanskirit ta yi masa laƙabi da "yavanapriya", wato abin ƙaunar Yavana. Bayan ƙarnoni, da fataken Larabawa suka gaji wannan hanya ta ruwa, sai suka gaji sunan. Har yau a harshen Tamil ana ce wa Musulmin gabar teku masu jinin Larabawa "Sonagar", a Malayalam kuma "Jonaka". Sunan Bagirke ne a kan jikan Balarabe.

Zuwan Musulmi

Masanin tarihi B. D. Chattopadhyaya, a wani littafi da ya fitar a 1998, ya bi rubuce-rubucen Sanskirit na ƙarnonin da Musulmi suka shigo Indiya, ya nuna cewa da wuya marubutan su kira su da sunan addininsu. Sunayen ƙabila suke ba su, ko su ɗauko tsohon suna su maƙala musu.

Larabawa su ne "Tajika". Wannan ma ta hannun Farisawa ta biyo. Ƙabilar Ɗayyi, ta su Hatimu mai kyautar nan da ake ba da labari, ita ce ke maƙwabtaka da Farisa ta wajen Iraƙi, sai Farisawa suka kira kowane Balarabe "Tazi". Bayan Muhammad bin Ƙasim ya ci Sindh a 712, rundunonin Larabawa sun nausa kudu zuwa Gujarat, kuma wasu allunan tagulla na garin Navsari na wajajen 738 sun yabi wani basarake na gidan sarautar Chalukya da ya tare rundunar Tajika.

Turkawa su ne "Turushka". Daga hare-haren Mahmud na Ghazni zuwa kafuwar daular Delhi a 1206, sunan ya yaɗu har ya zama sunan kowane Musulmi a wasu yankuna. A kudu, inda ake cewa "Turaka" ko "Tulukkar", ana iya jifan mutum da shi alhali kakanninsa ba su taɓa taka ƙasar Turkawa ba. Wani rubutu na 1276 da aka samu a wata rijiya a Palam kusa da Delhi ya ma fi ban mamaki. Ya jero waɗanda suka mulki yankin, da ya zo kan sarakunan Musulmi sai ya kira su "Shaka", sunan wasu makiyaya mahaya dawaki da suka shigo Indiya fiye da shekara dubu kafin nan. Kuma ba zagi ba ne, domin rubutun yabon Sarki Balban na Delhi yake yi.

Bahaushe bai kamata ya yi mamakin wannan ba. A cikin birnin Kano akwai unguwar Dandalin Turawa, kuma Turawan da aka sa wa unguwar suna dominsu fataken Larabawa ne na Arewacin Afirka. Sai daga baya sunan ya koma kan mutanen Ingila.

Firangi

Babu sunan da ya yi tafiya mai nisa kamar wannan. Asalinsa Faranka, wata ƙabilar Jamusawa da ta mallaki ƙasar da yau ake kira Faransa, kuma daga gare su ƙasar ta sami sunanta. Larabawa sun san su da "Ifranj". Da aka shiga yaƙe-yaƙen Salibiyya daga 1096, yawancin mayaƙan da suka zo Sham masu jin Faransanci ne, sai sunan ya game duk Kiristan Yammacin Turai. Farisawa suka ce "farangi". Saboda haka ranar da Vasco da Gama ya sauke anga kusa da Calicut a watan Mayu na 1498, sunansa ya riga shi isa. Fataken Musulmi da ke garin sun san irin mutanen, suka gaya wa 'yan gari ko su wane ne.

Fiye da shekara ɗari, in an ce firangi a Indiya, ɗan Fotugal ake nufi. Sun kama Goa a 1510, suka baza sansanoni a gaɓar teku, kuma duk abin da ya zo a jirginsu sai ya ɗauki sunan. A Kerala bishiyar yazawa, wadda suka kawo daga Brazil, ita ce mangwaron Parangi, wato firangi a lafazinsu. A Tamil kabewa ita ce "parangikkai". Babur, wanda ya kafa daular Mughal, ya ambaci wata irin igwa mai suna firangi a labarin da ya bayar na yaƙin Panipat na 1526. Mayaƙan Maratha suna da wani dogon takobi miƙaƙƙe mai wannan suna, saboda ruwansa daga Turai ake kawo shi, maƙeran gida su yi masa ƙota. Har cuta ba ta tsira ba: littafin magani na Bhavaprakasha na ƙarni na 16 ya kira tunjere ciwon firangi.

Taswira ma ta riƙe sunan. Akwai Parangipettai a gaɓar Tamil Nadu, akwai Firingi Bazar a Chittagong ta Bangladesh, inda 'yan fashin teku na Fotugal suka addabi mutane har kalmarsu ta ayarin jiragen yaƙi, "armada", ta zama "harmad" a Bengali, ma'ana ɗan ta'adda. A Sri Lanka kuwa karin magana suka bari. Ana ba da labarin cewa da jakadun Fotugal suka nemi ganin sarkin Kotte, sai fadawa suka yi ta zagaye da su kwana da kwanaki don kada su gane fadar tana dab da tashar jirgi. Har gobe in mutum ya bi doguwar hanya a kan abin da ke kusa, sai a ce ya yi tafiyar Parangi zuwa Kotte.

Amma labarin da ya fi dacewa da masu neman ilimi shi ne na Firangi Mahal, wato fadar Bature, a birnin Lucknow. Gidan wani ɗan kasuwa ne daga Turai. A 1692 aka kashe wani malami, Mulla Ƙuɗubuddin, a garin Sihali kan rikicin ƙasa, sai Sarki Aurangzeb na Mughal ya ba 'ya'yansa wannan gida. Ɗaya daga cikinsu, Mulla Nizamuddin, wanda ya rasu a 1748, shi ya tsara manhajar karatun da ake kira Darsi Nizami, wadda makarantun Islamiyya na Indiya da Pakistan da Bangladesh ke bi har yau, har da Deoband da aka kafa a 1866. Daga wannan gida Abdul Hayyi al-Laknawi ya fito, malamin hadisi da fiƙihu wanda ya yi sharhi a kan Muwaɗɗa ta riwayar Muhammad al-Shaibani. Manyan malaman gidan suna sa hannu da nasabar "Firangi Mahali", ba tare da wani ya ga abin kunya a ciki ba.

Da ƙarfin Ingila ya rinjayi na Fotugal, firangi ta koma kan Ingilishi, ta kuma ƙara ɗaci. A boren da Indiyawa suka yi wa Turawan Ingila a 1857, da wannan suna masu tawaye ke kiran waɗanda suke son kora. Kalmar ba ta tsaya a Indiya ba: "farang" a Tailan, "barang" a Kambodiya, "ferenj" a Habasha, duk jikokinta ne.

Ingilishi da sunayensa

"Angrez" ita ce kalmar yau da kullum ta mutumin Ingila a Hindi da Urdu, kuma ba daga bakin Ingilishi aka ji ta ba. Lokacin da kamfanin East India, wanda aka kafa a 1600, ya buɗe ma'ajiyarsa a Surat a 1613, harshen Fotugal ne harshen ciniki a tashoshin ruwa. Mutanen Fotugal suna cewa "Inglês", harshen Indiyawa ya lanƙwasa ta. Ta wannan ƙofa ce "chabi" ta makulli da "kamra" ta ɗaki da "girja" ta coci suka shiga Hindi. Akwai kuma sunan da ido ya raɗa: "topiwala", masu malafa, don bambanta su da masu rawani.

"Sahab" kuwa Larabci ce tsantsa, tushenta ɗaya da sahabi da sahibi na Hausa. A fadar Mughal ta zama laƙabin girmamawa, Turawan mulki suka gaje ta, matansu suka zama "memsahab". A Kerala har yanzu Bature "sayippu" ne.

Sai "vilayat". Ita ce wilaya ta Larabci, yankin da ke ƙarƙashin wali. Sarakunan Mughal da fadawansu, waɗanda asalinsu daga Asiya ta Tsakiya da Iran ne, in sun ce vilayat gida suke nufi, can ƙasar da aka baro. Da masu mulki suka sauya, gidan ma ya sauya, vilayat ta koma Ingila. A Bengal suka ce "Bilet", wanda ya je karatu Landan ya dawo kuma "bilet-pherot". Tumatir ya zama gautan vilayat, ruwan soda ya zama ruwan vilayat. A 1905, da Turawa suka raba lardin Bengal gida biyu, mutane suka ƙaurace wa yadin "bilati" suna ƙona shi a tituna, suka rungumi "swadeshi", kayan gida. Abin dariyar shi ne sojojin Ingila da suka zauna Indiya sun ɗauki kalmar suka mayar da ita "Blighty". A Yaƙin Duniya na Ɗaya, sojan da ke kwance a rami a Faransa yana begen gida da wannan kalma yake kiran Ingila, ba tare da ya san Larabci yake yi ba.

Cikin sunayen Bature, "gora" ce ta gida. Ba ta da alaƙa da gorar Bahaushe. Daga "gaura" ta Sanskirit take, mai hasken fata, kuma ana faɗa wa ɗan ƙasa ma in fari ne. Rabindranath Tagore, wanda ya ci kyautar Nobel a 1913, ya yi wasa da wannan harshen damo a littafinsa Gora na 1910. Tauraron littafin matashi ne mai tsananin kishin addinin Hindu da tsarkin jini, sai a ƙarshe ya gano cewa iyayensa 'yan Ireland ne, marayan boren 1857 ne da wani gidan Brahmin, wato dangin malaman addinin Hindu, ya ɗauki renonsa.

"Pardesi" ma ta gida ce: "para", wani, da "desh", ƙasa. Tana iya nufin ɗan wata ƙasa, tana iya nufin ɗan ƙauyen gaba da ya tafi ci-rani, shi ya sa ta cika finafinan soyayya. A Calicut da ita ake bambanta fataken Larabawa masu zuwa su koma da Musulmin gari, Mappila. A Kochi akwai wurin ibadar Yahudawa da aka gina a 1568 mai suna Paradesi, na waɗanda suka zo daga baya, cikinsu har da korarrun Andalus. A Tamil kuwa kalmar ta gangara har ta zama sunan mabaraci mai yawo.

Baƙi daga Afirka

Saura sunan da ya shafi 'yan Afirka kai tsaye. "Habshi" daga Habasha take, ta hanyar Larabci da Farisanci, amma a Indiya ta game duk baƙar fatar da aka kawo daga gabashin Afirka, bawa ne ko soja ko matuƙin jirgi. Ɗayan sunan shi ne "Siddi", wanda masana da yawa ke dangantawa da "sayyidi".

Waɗannan mutane ba a ƙasa kawai suka zauna ba. Daga 1487 Habshi sun hau gadon sarautar Bengal na 'yan shekaru. Malik Ambar, wanda aka haifa a Habasha a 1548 aka sayar da shi yana yaro, ya biyo ta Bagadaza ya iso yankin Deccan na Indiya, ya zama mai faɗa a ji a masarautar Ahmadnagar. Ya hana rundunonin Mughal sakat har ya rasu a 1626. Takaicinsa ya sa aka zana wa Sarki Jahangir na Mughal hoto yana harbin kan Ambar da kibiya, abin da bai samu yi ba a fagen fama. Shi ya kafa garin da daga baya aka kira Aurangabad. A Ahmedabad akwai masallacin Sidi Saiyyed na wajajen 1573, wanda tagarsa ta dutse mai sassaƙen bishiya ta zama tambarin birnin. Tsibirin Janjira kuwa, da ganuwarsa a tsakiyar ruwa, ya zauna a hannun sarakunan Siddi har zuwa lokacin samun 'yancin Indiya.

Jikokinsu suna nan a Gujarat da Karnataka da Hyderabad, da kuma Karachi ta Pakistan inda ake ce musu Sheedi, mafi yawansu talakawa. Ita kuwa "habshi" ta sake samun sabon mai ita. A titunan Delhi da wasu biranen, ɗalibai da 'yan kasuwa da masu neman magani daga Najeriya da sauran ƙasashen Afirka sukan ji an jefe su da ita da nufin wulaƙanci, alhali da wannan suna ake kiran Malik Ambar a littattafan tarihi.